Wanda Ya Sayi Wasa Sau Ɗaya, Ko Ya Halatta Ya Ɗauki Na Biyu Ba Biya?

Daga cikin mas'alolin da wannan zamani ya zo da su, waɗanda magabata ba su riske su ba balle su bar mana hukuncinsu a rubuce, akwai wata wadda masu wasannin bidiyo a Amurka da Turai da Japan suka daɗe suna ja-in-ja a kanta, kuma tun da na'urorin suka iso hannun samarinmu ita ma ta biyo su. Surarta ita ce: mutum ya sayi wasa da kuɗinsa na halal domin na'urar PlayStation, ya yi ta bugawa har na'urar ta tsufa, ko ta lalace, ko ya sayar da ita ya koma kwamfuta, da ya nemi wasan nan a kwamfuta sai ya tarar ana sayar da shi a kantin Steam da farashi na dabam, a gefe guda kuma ga wani kwafi wanda wasu suka ɓalle makullinsa suka watsa a intanet, kowa ya ga dama ya sauke ba ko kwabo. Sai ya ce a ransa: ai ni na riga na biya masu wasan nan haƙƙinsu, me zai sa in biya sau biyu a kan abu ɗaya? Ya sauke, ya buga, zuciyarsa kuwa ba ta zarge shi da kome ba.

Ba daidai ba ne a jefa wannan mutum cikin taron waɗanda ba su taɓa biyan kome ba, domin shi yana da shubuha mai ƙarfi, kuma kuɗin da ake magana a kai ba na wasa ba ne, ko da yake na wasa ne ake saye da su. Shekaru da yawa babban sabon wasa dala 60 ne a Amurka, daga shekarar 2020 kuwa wasu kamfanoni suka fara ɗaga shi zuwa dala 70. Wasa guda kuma yana iya dawowa kasuwa sau uku ko huɗu. Grand Theft Auto V, na kamfanin Rockstar, ya fito a watan Satumba na 2013 a kan PlayStation 3 da Xbox 360, ya sake fitowa a 2014 a kan PlayStation 4 da Xbox One, ya zo kwamfuta a 2015, sa'an nan a 2022 aka kuma fitar da shi domin PlayStation 5 da sababbin Xbox. Wanda duk ya bi shi daga na'ura zuwa na'ura, a kowane zango sai da ya sa hannu a aljihu. In mai irin wannan hali ya ji an matse shi, ba wanda zai ce ƙarya ya ji.

Masu halatta abin suna da hujja wadda ba a ture ta da baki kawai. Suna cewa abin da mutum yake saye shi ne wasan kansa, watau labarinsa da mutanen cikinsa da kiɗansa da dabarunsa, na'ura kuwa hanya ce kurum ta isa gare shi. Tun da masu ƙirƙira sun karɓi ladansu a ciniki na fari, kwafi na biyu bai rage musu kome a hannu ba, bai kuma hana wani mai saye samun nasa ba. Ra'ayin bai tsaya a bakin matasa kaɗai ba. A shekarar 2010 wani mai karatu ya tambayi Randy Cohen, wanda a lokacin yake amsa tambayoyin ɗa'a a mujallar jaridar New York Times, cewa ya sayi littafin Stephen King mai suna Under the Dome na takarda, sai ya sauke kwafin sata na lantarki domin ya karanta a hanyar tafiya. Cohen ya amsa masa cewa abin ya saɓa wa doka amma bai saɓa wa ɗa'a ba, tun da marubuci da maɗaba'a sun riga sun sami kuɗinsu. Maɗaba'u suka yi ca a kansa, amma mutane da yawa suka ga ya faɗi abin da yake ransu.

To, kafin a ce ya halatta ko bai halatta ba, wajibi ne a tsaya a kan tambayar da malaman fiƙihu suke fara yi a kowace mu'amala, watau a kan me aka ƙulla cinikin. A nan ne mai saye da mai sayarwa suka rabu tun daga tushe, kowa yana zaton abin da ya fahimta shi aka ƙulla. A zamanin faifai da kaset al'amarin yana da sauƙi, domin mutum yana riƙe da abu a hannu, ya ga dama ya ara wa abokinsa, ya ga dama ya sayar. Kotun ƙoli ta Amurka ma tun 1908 ta yanke cewa mai haƙƙin littafi ba shi da iko a kan farashin kwafin da ya riga ya sayar, in wanda ya saya ya so sake sayarwa. Amma ko a wancan zamani abin da ya mallaka kwafi ɗaya ne, ba ikon buga wasu kwafe ba, wanda dokar Ingila ta 1710 da yarjejeniyar Bern ta 1886 suka bar shi a hannun mawallafi. Da ciniki ya koma intanet, sai ko kwafin ma aka daina mallaka wa mai saye: sharuɗɗan da yake danna yarda da su ba tare da ya karanta ba, a Steam ko kantin Sony ko na Nintendo, suna faɗa a fili cewa lasisi aka ba shi, izinin amfani ne a kan asusunsa da irin na'urar da aka ambata, alhali maɓallin da ya danna an rubuta masa "saya". Wannan rufa-rufa ta yi yawa har jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2024 wadda ta hana kantunan lantarki amfani da lafazin saye sai sun bayyana wa mutum cewa lasisi yake karɓa, kuma a watan Oktoba na 2024 Steam ya fara rubuta wannan gargaɗi a wurin biya.

Abin sha'awa shi ne malamanmu na Malikiyya sun daɗe da rarrabe waɗannan darajoji na mallaka, ko da yake a kan gidaje da dabbobi da ɗakunan makarantu suka yi maganarsu. Imam Ƙarafi, a cikin littafinsa na Furuƙ, ya bambanta tsakanin mallakar manfa'a, wadda mai ita yake da ikon ya amfana da kansa ko ya ba wani haya ko aro, da mallakar intifa'i, wadda izini ce ga mutum shi kaɗai ya amfana, ba shi da ikon miƙa ta ga wani. Wanda ya karanta sharuɗɗan kantunan nan zai ga abin da suke bayarwa ya fi kusa da ta biyun, wadda ita ce mafi ƙanƙanta, ko da yake kuɗin da suke karɓa na mai sayar da abu ɗungurungum ne. Game da asalin haƙƙin fasaha kuwa, gaskiya ne an yi saɓani: magabatan Hanafiyya ba su ƙirga abin da ba a iya taɓawa a ajiye shi cikin dukiya ba, kuma a kan haka wasu malaman ƙarni na ashirin, irin su Mufti Muhammad Shafi na Pakistan, suka ƙi yarda da haƙƙin mawallafi, amma jumhur suna ƙirga manfa'a cikin dukiya, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a take kiyayewa, bai halatta a yi ta'addi a kansu ba. Sai dai ya kamata a yi adalci a lafazi: wannan ba ita ce satar da ake tsai da haddi a kanta ba, wadda take da sharaɗin ɗauke dukiya daga ma'ajiyarta a ɓoye har ta kai nisabi. Cin haƙƙi ne, kuma cin haƙƙi yana da girma da ƙanƙanta gwargwadon wanda aka cuta da abin da aka ci.

Wa aka cuta ke nan, in mutum ya riga ya biya sau ɗaya? A nan ne nake ganin hujjar masu halattawa ta fi rauni, kuma a nan ne amsar Cohen, wadda a kan littafi ya bayar da ita, ba ta hau kan wasa daidai ba. Kalmomin littafi su ne su, a takarda ko a allon waya. Wasan bidiyo kuwa manhaja ce wadda aka gina domin wata na'ura ayyananniya, kuma na'urorin ba jinsi ɗaya ba ne a cikinsu. PlayStation 3 tana aiki da wata ƙwaƙwalwa mai suna Cell wadda masu rubuta manhaja suka sha wuya da ita. PlayStation 4 ta koma irin ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanin AMD. Nintendo Switch, wadda ta fito a 2017, tana ɗauke da Tegra ta kamfanin Nvidia, dangin wadda ake sa wa wayoyi da allunan hannu. Kwamfutocin gida kuwa kowace da irin kayan da aka haɗa ta da su, dubban iri, kuma dole wasa ya yi aiki a kansu duka. Saboda haka juya wasa daga wata na'ura zuwa wata sana'a ce mai zaman kanta, akwai kamfanonin da ita ce abincinsu. Da kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya so ya kai The Witcher 3, wanda ya fito a 2015, kan Switch, sai da ya haɗa kai da kamfanin Saber Interactive, ma'aikata suka shafe watanni masu yawa suna rage nauyin hotuna da sauti, suna sake tsara yadda wasan yake cin ƙwaƙwalwa, har suka cusa wannan ƙatuwar duniya a cikin katin gigabait 32 ya fito a 2019. Wanda ya sayi wasan a PlayStation 4 a 2015 bai biya waɗannan mutane ko anini ba, domin a ranar da ya biya ba su ma fara aikin ba. Misalinsa kamar wanda ya sayi littafi bugun boko ne, sa'an nan ya tarar da wani magwafi ya zauna wata da watanni ya mai da shi ajami da hannunsa, sai ya ɗauke kwafin ya ce ai ya riga ya biya mawallafi. Ya biya mawallafi, gaskiya ne, amma tawada da idon magwafi fa?

Duk da haka ba kowane juyi ne yake da irin wannan wahala ba, kuma rashin gaskiya ne a ɓoye wannan. Wani lokaci wasan na kwamfuta ne a nan, na kwamfuta ne a can, bambancin kawai shi ne ɗaya an saye shi a kantin Epic ɗaya kuma a Steam. Babu wani sabon gini da aka yi wanda ya taka kara ya karya, shinge ne kurum na 'yan kasuwa. Dalilin shingen kuwa sananne ne: a al'ada mai kanti yana ɗaukar kashi 30 cikin 100 na kowane ciniki, Epic ne ya sauko zuwa 12, kuma masu ƙera na'urori da wannan kaso suke mai da kuɗinsu, har wata jami'ar Microsoft ta shaida a gaban kotu a 2021, a shari'ar Epic da Apple, cewa kamfanin ba ya cin riba a kan sayar da na'urar Xbox ita kanta. Ba abin da ya hana a ba mai saye ɗaya dama a wurare biyu in an so, kuma an yi: Sony ya yi haka tsakanin PlayStation 3 da na'urarsa ta hannu Vita tun 2012, Microsoft ya kawo tsarin Play Anywhere a 2016 wanda saye ɗaya yake isa ga Xbox da kwamfuta, Bethesda ya ba waɗanda suka mallaki Skyrim da dukan ƙarinsa a kwamfuta sabon bugun 2016 kyauta, CD Projekt ma ya ɗaukaka The Witcher 3 zuwa sababbin na'urori a ƙarshen 2022 ba tare da karɓar kome ba. Waɗannan misalai sun isa hujja a kan kamfanin da ya ƙi, cewa rowa ce ta hana shi. Amma rowar mai abu ba ta mai da abinsa halal ga wanda ya ɗauka. Abin da wani ya bayar don ihsani ba ya zama bashi a wuyan wanda bai bayar ba, matuƙar bai yi alkawari ba.

Akwai kuma maganar da ake yawan ji, cewa "ai ko da ban sauke ba ba zan sake saye ba, saboda haka ba su yi asarar kome ba". Wannan magana tana iya zama gaskiya ga mutum ɗaya a rana ɗaya, amma aibinta shi ne mai faɗinta shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, kuma hukuncin kullum a gefensa yake faɗuwa. Wanda ya ɓata dare guda yana neman kwafi, ya jira gigabait saba'in ko ɗari su sauka, ya nuna da aikinsa cewa abin yana da daraja a wurinsa; abin da ya rage kawai shi ne yana son ya yanke wa kansa farashi, farashin kuwa sifiri. Ciniki a shari'a a kan yardar ɓangare biyu yake tsayawa, kuma Musulmi an san shi da cika sharaɗin da ya ɗauka, in dai sharaɗin bai halatta haram ba. Mai saye yana da cikakken iko ya ƙi saye, ya jira ragi, wanda a Steam yakan kai rabin kuɗi ko fiye ga tsofaffin wasanni, ko ya nemi tsohuwar na'ura ya ci gaba da buga nasa; abin da ba shi da shi shi ne ya ƙulla ciniki shi kaɗai a madadin mutum biyu.

Wani al'amari kuma wanda masu wannan muhawara suke yawan tsallakewa shi ne hanyar da kwafin yake bi ya iso. Yawancin irin waɗannan kwafe ta tsarin BitTorrent ake sauke su, wanda Bram Cohen ya ƙirƙira a 2001, kuma hikimar tsarin ita ce babu wata rumbu guda da kowa yake ɗiba: kowane mai saukewa, a daidai lokacin da yake karɓar gutsattsarin fayil, yana miƙa waɗanda ya riga ya samu ga wasu. Ashe mutumin da yake kafa hujja da rasidinsa, yana cikin saukewa yana rarraba wa mutanen da bai sani ba a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, waɗanda galibinsu ba su da rasidin kome. In ma an sallama masa cewa biyansa na fari ya wanke shi, ba zai wanke su ba, shi kuwa ya zama mai taimako a kan abin da shi da kansa yake cewa ba daidai ba ne. Ban da wannan, shafukan da suke tara irin kayan nan da tallace-tallace suke ci, kuma sanannen abu ne cewa ana cusa manhajojin satar bayanai cikin wasu kwafen, mutum ya tsere wa biyan dala ashirin ya wayi gari an kwashe masa asusu.

Zuwa nan mai karatu zai zaci na tsaya a gefen kamfanoni gaba ɗaya, alhali akwai wata fuska ta mas'alar wadda a cikinta nake ganin su ne azzalumai, mai saye kuwa shi ne abin tausayi. Ita ce inda mutum ba sabon bugu yake nema ba, ainihin abin da ya biya ne aka raba shi da shi. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar da wasan tseren mota mai suna The Crew a 2014, mutane suka saya, wasu a faifai. A ƙarshen Maris na 2024 ya kashe manyan kwamfutocin da wasan yake dogara da su, wasan ya mutu ɗungum, har ɓangaren da mutum yake bugawa shi kaɗai, faifan ya zama ba shi da amfani, daga baya kuma masu shi suka ga an janye lasisin daga asusunsu. Wannan ne ya tayar da yunƙurin Stop Killing Games, wanda Ross Scott ya jagoranta, har takardar kokensu ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a 2025. A watan Maris na 2023 Nintendo ya rufe saye a kantunan Wii U da 3DS, wasanni masu yawa da ba a taɓa buga su a faifai ko kati ba suka rasa hanyar saye ta halal. A shekarar 2023 ɗin kuma wani bincike na gidauniyar Video Game History Foundation ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa. Daga irin wannan ɓacin rai ne taken nan ya yaɗu a bakin 'yan wasa, cewa in saye ba mallaka ba ne to kwafa ma ba sata ba ce. Taken ya wuce gona da iri, domin laifin wani kamfani ba ya halatta dukiyar wani, amma zafin da ya haife shi na gaskiya ne.

Fiƙihu yana da babi mai kama da wannan, wanda malamai suke kira mas'alar zafari: mutum yana da haƙƙi a hannun wani, an hana shi, sai ya sami ikon ɗauka da kansa. Asalinta ƙissar Hindu 'yar Utba ce, wadda ta kai ƙarar ƙwauron mijinta Abu Sufyan ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, aka yi mata izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta gwargwadon al'ada. Mazhabobi sun saɓa a kan faɗin wannan izini, Shafi'iyya sun yalwata, Hambaliyya sun ƙuntata, abin da Shehu Halil ya tafi a kai a Muhtasar kuwa shi ne ya halatta in ba uƙuba ba ce, kuma in an amince daga fitina da zubar da mutunci. Ba ina ba da fatawa ba ne, wannan aikin ma'abotansa ne. Amma wanda ya dubi sharuɗɗan zai ga suna yanke mas'alarmu gida biyu da kansu. Sharaɗi na fari shi ne haƙƙin ya tabbata, na biyu kada a ɗauki fiye da shi. Wanda ya sayi wasa a faifai, ya kwafe shi daga faifansa domin kada ya lalace, ko domin ya buga shi a kwamfuta da manhajar kwaikwayon na'ura bayan tsohuwar na'urarsa ta mutu kuma an daina ƙera irinta, haƙƙinsa ne tabbatacce yake kiyayewa, bai ci gumin kowa ba, bai rarraba wa kowa ba. Haka wanda makullin da aka sa wa wasa, irin su Denuvo, ya hana shi shiga abin da ya biya saboda ba shi da intanet ko saboda kamfani ya daina kula. Amma mai PlayStation da ya ɗauki bugun kwamfuta wanda yake nan a kasuwa, aka yi masa aiki na dabam, ba haƙƙinsa ya ɗauka ba, domin ba a taɓa yi masa alkawarinsa ba.

Dokokin ƙasashe a wannan wuri sun fi ɗa'a tsanani, kuma wajibi ne mai karatu ya san haka kada ya faɗa hannun hukuma yana zaton yana da kariya. Dokar Amurka ta yarda mai manhaja ya yi kwafin ajiya daga nasa, kotun ɗaukaka ƙara ma a shekarar 2000 ta ba kamfanin Connectix gaskiya a kan Sony game da manhajar kwaikwayon PlayStation. Amma dokar 1998, wadda ake kira DMCA, ta haramta ɓalle makullin lantarki, sai ya zama da hannu ɗaya an ba ka izinin kwafi, da ɗaya hannun an hana ka buɗe ƙofar da za ka bi. Ingila ta halatta kwafi don amfanin kai a watan Oktoba na 2014, babbar kotu ta soke dokar a 2015 bayan masu harkar waƙa sun kai ƙara cewa ba a tanadar musu diyya ba. Kotun Tarayyar Turai kuma a 2014 ta yanke cewa rangwamen kwafin amfanin kai bai shafi abin da aka ɗauko daga haramtacciyar majiya ba. Shari'ar Yuzu, manhajar kwaikwayon Switch, ta nuna yadda uzurin masu gaskiya yake zama mafakar waɗanda ba su da ita: Nintendo ya yi da'awar cewa an sauke wasan Zelda na 2023 fiye da sau miliyan ɗaya tun kafin ranar fitowarsa, lokacin da ba wanda zai iya cewa ya riga ya saya ya riƙe, kuma a watan Maris na 2024 masu manhajar suka yarda su biya dala miliyan 2.4 su rufe. A Nijeriya ma sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta shigo da hani a kan keta irin waɗannan makullai.

Saura uzurin talauci, wanda shi ne ya fi kusa da samarinmu, domin dala 70 in an mai da ita naira ta fi mafi ƙarancin albashin wata na ma'aikacin gwamnati. Ina jin nauyin wannan, kuma ina ganin kamfanin da yake sa wa ɗan Kano farashin ɗan Landan shi ne yake kora shi zuwa ga kwafin sata. Gabe Newell, shugaban kamfanin Valve mai Steam, tun 2011 ya faɗi cewa matsalar satar fasaha galibi ta rashin kyakkyawar hidima ce, ya kafa hujja da Rasha, inda aka ce musu ba za su sayar da kome ba sai ga shi ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwanninsu a Turai da suka kai wa mutane kaya a kan kari cikin harshensu. Amma lalurar da take halatta abin da aka hana ita ce wadda rai ko lafiya suka rataya a kanta, wasa kuwa bai kai nan ba. Mu da muka ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan finafinan Hausa a Kano, masu shiryawa suka zuba jari suka tashi hannu rabbana alhali ana ta tura aikinsu a wayoyi a bakin titi, bai kamace mu mu ce irin wannan ɗauka ba ta cutar da kowa ba.

Hukuncin da na tsaya a kai shi ne: wanda ya sayi wasa a wata na'ura, sa'an nan ya sauke kwafin sata na bugun wata na'urar alhali ana sayar da shi, ya ci haƙƙin da ba nasa ba, ko da yake laifinsa bai kai na wanda bai taɓa biya ba, wanda kuwa ya kwafi nasa domin ya tsare abin da ya biya daga lalacewa ko daga kamfanin da ya juya masa baya, ba na ganin zargi a kansa tsakaninsa da Allah, sai dai ya kiyayi dokar ƙasar da yake zaune. Kai mai karatu, in za ka sayi wasa, duba tun kafin ka biya ko sayen ya haɗa da wata na'ura, ko wasan yana aiki ba intanet, kuma ka fifita kanti irin GOG, wanda tun 2008 yake sayar da wasanni ba makulli ya bar ka ka ajiye fayil ɗinka a hannunka. Malamanmu kuma muna roƙonsu su zauna su dubi wannan ciniki da ake kira saye alhali mai sayarwa yana da ikon karɓe kayan ranar da ya so ba tare da mai da kuɗi ba, su faɗa mana ko ingantacce ne ko akwai garari a cikinsa, domin 'ya'yanmu suna ƙulla shi kullum.